Rasuwar Yakaka, Tayar Baya ta Hannun Dama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Ba'ana Harun na unguwar Gwange, direban a-kori-kura mai dakon wake da albasa, nake sanar da 'yan uwa direbobi, masu faci da dillalan taya na Maiduguri rasuwar tayarmu ta baya ta hannun dama, wadda aka fi sani da Yakaka. Ta cika ranar Talata da azahar a layin shingen bincike na bakin kasuwar hatsi, tana ɗauke da kaya kamar yadda ta saba. A sanadin rasuwarta aka tafi da yayana kuma abokin tuƙina, Ya Umara, kuma har yau ba mu san inda yake kwana ba.

Marigayiya 'yar Baljiyam ce. Bazawara muka same ta, ta yi zamanta na fari a ƙasar Turawa, amma ta zo mana da mutuncinta. Ya Umara ne ya nemo ta, kuma duk dillalin da ya taɓa sayar masa da taya ya san ya haɗu da aiki. Ba ya yarda da sheƙi, don ya san akwai masu shafa wa tsohuwa baƙin mai ta koma amarya, akwai masu sake sassaƙa mata zane da wuƙa mai zafi. Sai ya cusa kansa cikin taya yana neman tabon faci, ya karanta shekarar haihuwarta a gefe, ya danna ta da gwiwa, har ya shinshina. Shago shago muka bi ran nan, ni yunwa kamar ta kashe ni. Da muka kai wajen Nasidi dillali, sai da ya gaji ya ce, "Malam Umara, wai taya kake nema ko matar aure?" A ƙasan tulin da ke bayan shagonsa aka zaro ta. Ya Umara ya raɗa mata Yakaka, wai don tana da nutsuwar tsofaffi.

Shaida ɗaya zan yi mata, kuma ta isa: ba ta taɓa neman iska a inda ba a tsayawa ba. Wanda ya bi hanyar Damaturu a shekarun nan ya san abin da nake nufi. Mun wuce ƙonannun motoci da ita, mun wuce ƙauyukan da ko kaza babu, bakina na salati, ita tana ta shuuu a kan kwalta kamar mai rarrashin yaro. In mun sauka kan tsakuwa sai ta koma ƙaras-ƙaras. Ƙusa ta taka ba sau ɗaya ba, amma sai ta riƙe cikinta har mu shigo gari, sannan ta yi tsiii a ƙofar gida.

Ciwon ajali ya fara ne da ɗan kumburi a gefenta, kamar ƙwan zabuwa. Daniel mai faci, wanda shi ne likitanta tun zuwanta, ya shafa wurin ya ce wannan ba na faci ba ne, a bar ta ta huta. Mun yarda. Sai dai a makon an rufe hanya, tayoyi ba su shigo ba. Muka zaga dillalan gari kaf, babu mai girmanta, sai wasu biyu da Ya Umara ya ce gara mai ciwon da ya sani da su. Muka rage mata kaya, muka daina fita bayan gari. Tana tafe tana fam, fam, fam, kamar mai ɗingishi, ba ta fasa aiki ba.

Ranar Talata layi ya yi tsawo, kwalta kamar garwashi. Kowa ya san ƙa'idar shinge: direba ya zauna a mota, sauran su sauka su taka da ƙafa, hannuwa a sama. Ni ke tuƙi ran nan, sai Ya Umara ya sauka, ya yi nisa cikin mutane. Sai marigayiya ta yi maganarta ta ƙarshe: dam!

A garin nan ba a tambayar mene ne. Masu talla suka watsar da faranti, mata suka suri 'ya'ya, jama'a suka yi gaba da gudu. Mutum ɗaya ne kunnensa ya bambance ƙarar taya da ƙarar bam, kuma ya san muryar wadda ta yi. Ya Umara ya sauke hannuwansa, ya juyo da gudu ya nufi motar, yana keta masu tserewa. Direba ne, ya ji tayarsa ta fashe, ina kuma zai nufa? Amma masu tsaron shinge abin da suka gani shi ne an ji ƙara, ga ƙato ya sauke hannu ya doshi wurin a guje. Ni an bar ni, don an same ni kife ƙarƙashin sitiyari kamar kowane mai hankali. Kafin in fito in nuna musu tayar, an riga an jefa shi mota. Wallahi abin yana cin raina, ba na iya cin abinci.

Marigayiya ta bar 'yan uwa uku da safaya ɗaya mai sanƙo, wadda ba ta kai ta gaje ta ba. Ta bar jak da sifana. Ta bar mota a kan bulo, don na koma wajen Nasidi sau da yawa, in tsaya gaban tulin tayoyi in rasa wadda zan taɓa. Ta bar Mu'mina matar Ya Umara, da 'ya'yansa da ke fitowa ƙofa duk lokacin da suka ji tsayuwar mota.

Game da jana'iza, iyalai suna roƙon masu yanka takalmi da masu babbakar fata su daina aiko mana. Ba za a yanka ta ba, ba za a ƙona ta ba, domin gawarta ce kaɗai shaidar da muke da ita. An ce mu kawo mutanen da suka ga abin da idonsu. Saboda haka za a ɗauki marigayiya a baro daga gidanmu na Gwange ranar Litinin da hantsi, a kai ta ƙofar ofishin da aka ce watakila Ya Umara yana ciki. Ba ma bukatar goro ko dabino. Duk wanda yake layin nan ran Talata, ko ya watsar da farantinsa a wurin, ya zo ya faɗi cewa taya ce. Mai zuwa ya riƙo katin shaidarsa, ya ɗaga hannuwansa tun daga nesa. Kuma don girman Allah, komai aka ji, kada kowa ya yi gudu.