Kifi a Bangon Gidan Biki

Ko me zan manta a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da yammacin da kifi ya bayyana a bangon gidan biki a unguwar Koira Kano ba, ni kuma ina tsaye a gabansa riƙe da makirufo.

Ni mutum ne da idan ya so abu sai ya ishi kowa da shi. Tun da na fara aiki a biro, wato ofis, kwamfutar kamfani ɗaya nake saye, wadda muke kira Mai-Tauraro saboda alamar da ke bayan murfinta. Kuma ban tsaya a saye ba, har wa'azinta nake yi. A fadarmu ta Kalley, inda muke shan shayi bayan la'asar, babu wanda ya isa ya ajiye wata kwamfuta a kan tabarma ban yi mata ba'a ba. Wanda ya fi shan wuya a hannuna shi ne Seyni, abokina tun muna lakol, makarantar boko. Shi Bazabarme ne, ni Bagobiri, ka ga kuwa taubasai ne mu, babu mai raba mu. Ranar da ya zo da sabuwar kwamfutarsa mai araha, ta wani sabon kamfani mai alamar kifi, na toshe hanci na ce ya mayar da ita kasuwar Petit Marché, layin masu kifi, wurin 'yan'uwanta kafin ta yi wari. Daga ranar sunanta ya zama Mai-Kifi.

Ana nan sai Mai-Tauraro tawa ta tsufa, ta mutu murus. Na tafi shago ina taƙama, na tambayi kuɗin sabuwa. Da mai shagon ya faɗa, sai da na nemi kujera. Kuɗin babur ne cur, kuma wai har igiyar cajin daban ake sayar da ita. A gefenta ga Mai-Kifi zaune, ba ta kai rabin kuɗin ba. Aka kunna mini su biyun tare. Na duba, na sake dubawa, na rasa aibin da zan kama. Wallahi haushi na ji, kamar an ci amanata.

Na sayi Mai-Kifi dai. Na biya wurin masu yi wa babura ado, na sa aka yanko mini tauraro mai ƙyalli, na liƙa shi a kan kifin. (Matata ta same ni ina lallaɓa shi da babban yatsa, ta ce, "Baban Nana, kai da wa kuke ɓoyon?" Na yi kamar ban ji ba.) Matsala ɗaya ta rage: duk lokacin da aka kunna ta, kifin ne ke fara fitowa a fuskarta. Don haka kullum a gida nake kunnawa, in rufe murfi, in fita da ita a kunne. A fada kuwa wa'azina bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi.

Sai bikin Ramatu, 'yar Seyni, ya taso. Ya ja ni gefe, ya kira ni da sunan da Zabarmawa ke kiran taubashi, ya ce, "Baaso, za mu nuna hotunan yarintar amarya a bango. Ka zo da Mai-Tauraro taka. Surukaina manyan mutane ne, kada tawa ta ba ni kunya."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Amma mutumin da na daɗe ina tsokana yau ya sallama, daɗin ya hana ni faɗin ta. Na ce, "Ai na gaya maka wata rana za ka neme ni."

Ranar biki bayan magariba aka rataya farin ƙyalle, aka jera kujeru, 'yan fadarmu suka kame sahun gaba. Na haɗa kwamfuta da na'urar haska hoto. Ba wanda ya ce in yi jawabi, amma na karɓi makirufo na sanar da jama'a cewa za su ga hotuna tas, don na'urar da za ta nuna su ba ta kowa da kowa ba ce. Na danna. Shuɗi kawai a bango. Na sake dannawa, shiru.

Seyni ya taso da sauri. "Kashe ta ka sake kunnawa, haka nike yi ma tawa." Kafin in buɗe baki ya riga ya danne maɓallin.

Bango ya yi baƙi. Sannan a hankali kifi ya fito, girmansa ya kai ƙofar gida, da wutsiyarsa a lanƙwashe.

Seyni ya kalli bango, ya kalle ni, ya juya murfin kwamfutar, ya sa farce a gefen tauraron ya ɗaga. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ba sallama. Ya zare makirufo daga hannuna ya ce, "Jama'a, ku shaida! Bagobiri ya kama kifi, ya sa mashi hula!"

Dariyar da aka yi har masu girki sai da suka leƙo. Ana cikin haka hotuna suka fara fitowa, tas kamar yadda na yi alkawari: Ramatu tana rarrafe, Ramatu da jakar makaranta. Mai-Kifi ba ta yi ko tari ba har aka gama. Babban surukin ma ya kira ni ya tambayi shagon da na saye ta.

Washegari na so in ƙi zuwa fada, matata ta ce in je in karɓi rabona. Na je, na sha tsiya. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar Malam Issufu, mutum marar hayaniya. Ya ce 'yarsa tana jami'a, aron kwamfuta take yi tun bara, shi kuma yana ta jira ƙarfinsa ya kai ga sayen Mai-Tauraro, don ya ji na ce sauran duk tarkace ne. Wannan ta fi dariyar biki zafi. A makon nan na raka shi shago da kaina, yarinyar ta samu tata.

Yanzu na ji masu kamfanin Tauraro sun fara sassauta farashi, tunda sun ga an samu wurin zuwa. Allah ya ƙara musu abokan gasa. Ni dai na gane cewa kamfanin da na yi shekaru ina faɗa dominsa bai ma san an haife ni ba. Tauraron kuwa Seyni ya ƙwace shi a matsayin tara, ya liƙa a jikin gwangwanin sukarin fada. Duk wanda zai sa sukari sai ya ɗaga gwangwanin ya tambaye ni ko zan leƙa in tabbatar ba kifi ba ne a ciki.