Rasuwar Kabad ɗin Jeren Inna Mairo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da zargin da ba zan ɓoye ba, ni Malam Uwaisu nake sanar da rasuwar kabad ɗin jeren mahaifiyata, marigayiya Inna Mairo, wanda ya faɗi a gidanmu da ke bayan Ɗanbatta ranar da na tafi gona.

Marigayin ya shigo gidan nan lokacin da mata suka daina jera ƙorai a bango suka koma kwanuka. Shi ya ɗauki langa da fanteka da tangaran har rufi. A zamaninsa, mace kan tako da ƙafarta ta zo ganin ɗaki, ta gaishe da mutane, ta sa albarka. Yau a waya ake leƙen ɗakin mutane, ba sallama. Marigayin bai taɓa ɗaga murya ba, sai “ƙiii” idan an buɗe shi, ita ma don ya tona asirin yaro mai satar sukari.

An ce mini gara ce ta cinye ƙafafunsa. Na ji. Amma ni da hannuna na tsoma kowace ƙafa cikin gwangwanin baƙin mai, kamar yadda Inna ta koya mini, kuma da na duba gawar babu gwangwani ko ɗaya. Gara tana cin katako, ban taɓa jin ta ɗauke gwangwani ba. An kuma shaida mini cewa tun da surukata Aina'u, matar ɗana, ta dawo daga baje kolin kayan gida a Kano, Sha'aban kafinta ya zo ya auna bangon nan, alhali mamacin yana tsaye da ransa. Ban ambaci sunan kowa da laifi ba.

Ya rasu ya bar kwanuka marayu, waɗanda na ji ana yi wa mai sayen tsofaffin ƙarafa kwatancen gidansu. To, a sani suna da waliyyi.

Za a kai gawar zaurena ranar Juma'a bayan la'asar, marayun kuma su tare a ɗakina. Ko tsinkensa ba zai shiga murhu ba. Masu ta'aziyya kada su wahalar da kansu da kawo komai, sai mutum ɗaya. Wanda ya san inda gwangwanayen nan suke, ya taho da su.