Taurarin Tunau a Gonar Gero

A ƙauyen Tungar Maje an yi wani mutum wai shi Tunau. Gidansa ɗaki ɗaya ne da rumbu da jaki da awaki, sai matarsa Hansai, wadda ita ce hankalin gidan gaba ɗaya. Tunau ba mugu ba ne, a noma kuwa babu mai kama ƙafarsa. Ciwonsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. An taɓa aikensa ya kai dawa niƙa, ya kai, ya dawo hannu Rabbana, don ba wanda ya ce ya dawo da garin.

Da Hansai ta yi haihuwar fari, uwarta Gwaggo Barira ta zo ta tafi da ita wankan gida. Dama Gwaggo ba ta taɓa son auren nan ba. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Kafin arba'in zan zo in duba gidan nan da idona. In na tarar da shirme, 'yata da jikana sun zauna wurina ke nan." Tunau na durƙushe, kai a ƙasa, ya ce, "To, Gwaggo." Ranar ko tuwo bai iya ci ba, don yana son Hansai kamar ransa.

Wata rana yayan Hansai, Sallau, mai sayar da fitilun ado a birni, ya ji tausayinsa ya kawo masa kwali guda. A ciki akwai doguwar igiyar fitila mai canza launi, da wata 'yar na'ura mai fesa taurari kore suna yawo, da rimot, da farantin sola da batir. Ya ce, "In tsohuwa ta ga ɗakin nan ya zama na 'yan birni, bakinta zai mutu. Igiyar nan ka zagaye ɗaki da ita." Yana tafiya Tunau ya fito waje, ya kama zagaya ɗakin yana naɗe shi kamar mai ɗaure dami, har ya bi ta kan ƙofa ya ɗaure ta tamau. Ɗaki ya yi kyau, sai dai ba hanyar shiga. A turken awaki ya kwana, yana kallon ɗakinsa yana murmushi, har sai da Sallau ya dawo ya kwance igiyar ya manna ta a bango daga ciki.

Wata rana Sallau ya kira shi a waya yana koya masa launuka. Ya ce, "Kowane launi da aikinsa. Shuɗi na barci ne, rawaya na cin abinci, ja kuwa na hira da iyali." Tunau ya ce, "Na riƙe, Yaya." Bayan magariba ya danna rimot, ashe ya danna wurin da launukan ke canza kansu da kansu. Shuɗi ya zo, ya yi maza ya kwanta. Kafin ya rufe ido rawaya ta zo, ya zabura ya kai loma. Loma na baki ja ya shigo, iyali kuwa ba sa nan, sai ya leƙa ta taga ya ce wa akuya, "Ya gajiya?" Kafin ta amsa shuɗi ya dawo. Maƙwabcinsa Jatau ya leƙo ya tarar da shi ya jiƙe sharkaf da gumi, yana faɗuwa yana tashi da malmalar tuwo a hannu.

Jatau ya ce, "Tunau, lafiya?"

Ya ce, "Tsaya ja ya zo, sai mu gaisa."

Wata rana kuma Sallau ya ce masa, "Ai ba ka ga komai ba. Fitilar nan sauti take bi. Duk wanda ya fi murya a gidan, in ya yi magana kusa da ita za ka ga tana rawa." Tunau ya zauna ya auna muryoyin gidansa ɗaya bayan ɗaya, tsakani da Allah, ya ga babu kamar jaki. Ya jawo shi ya shigar da shi ɗakin Hansai. Jaki ya ga bango na walƙiya, ya tsorata, ya ɓarke da kuka. Fitila kuwa ta kama rawa. Rawar ta ƙara tsorata shi, ya ƙara kuka, ita ma ta ƙara rawa. Kafin a fitar da shi ya yi harbi ya zubar da kwanonin jere, ya cinye rabin faifai. Labari ya riga iska isa kunnen Gwaggo Barira. Ta ce, "Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo." Ta aika a nemo mata amalanke na kwaso kayan 'yarta.

Wata rana, saura kaɗan Gwaggo ta zo, Sallau ya kira, muryarsa duk ta mutu. Ya ce, "Saura na'urar taurari. Don Allah ka ji ni da kyau. Ka kafa ta inda ka fi zama, kuma kada ka yarda haskenta ya shiga idon kowa." Tunau ya yi lissafi. Ɗaki dai kwana kawai yake yi a ciki. Inda ya fi zama gona ce. Gari kuma ko'ina idanu ne, gona ce babu idon kowa. Ya kwashi na'ura da batir da farantin sola, har da igiyar da ke bango, ya ɗora wa jaki. Ya kafa na'urar a kan rumfar tsaron tsuntsu, a tsakiyar geronsa da ya fara nuna, ya kunna ta, igiyar kuma ya naɗa wa ƙafafun rumfar. Masu wucewa suka yi dariya har da riƙe ciki, wai Tunau ya yi wa gero jere.

Gwaggo Barira ta iso da yamma da amalankenta. Ta leƙa ɗaki, ta ga duhu da lotsattsun kwanoni. Aka ce ai surukinta na gona da fitilu. Ta ɗaure gyale a ƙugu ta nufi can, tana tafe tana haɗa maganganun da za ta yayyafa masa.

Ba ta kai ba sai sama ta yi duhu daga gabas. Jan-baki ne, tsuntsayen nan masu cinye gona kafin mai ita ya gama salati. Mutane suka fito da gwangwanaye da majaujawa suna ihu, a banza. Garken ya sauka gonar Jatau, ya tashi ya bar zangarniya tsirara. Ya bi gonar gaba, ya bi ta gabanta. Da ya zo kan gonar Tunau, sai ga taurari kore suna ta zirga-zirga a kan geron, suna tsalle daga wannan kai zuwa wancan. Tsuntsaye suka yi cirko-cirko a sama, suka dare gida biyu, suka wuce. Suka sake dawowa, suka sake darewa.

Tunau kuwa yana kan rumfa yana ɗaga musu hannu, hankalinsa a tashe. "Ku kauce! Yaya Sallau ya ce kada ya shiga idon kowa!"

Gwaggo ta tsaya baki buɗe. Gani ya kori ji. Ta dubi gonakin da suka zama kara, ta dubi geron da jikanta zai sha kununsa har wata damina, duk maganganun da ta haɗo suka bi iska. Da Tunau ya hango ta ya diro ya durƙusa.

Ta ce, "Wa ya ce ka kawo fitilar ɗaki gona?"

Ya ce, "Yaya Sallau ne, Gwaggo."

Ta sake duban geron. Can ta ce, "Amalanken da na zo da shi, ka bi shi gobe ka ɗauko matarka."

Ya ce, "To, Gwaggo." Ya miƙe da murna zai koma kan rumfa.

Har ta juya ta yi taku biyu, sai ta tuna dawar nan da aka kai niƙa. Ta dawo da sauri ta ɗaga murya.

"Da jaririn, Tunau! Har da jaririn!"