Tazugen Injiniya Arzika

Wani mutum ne a bakin ruwan Yawuri, Arzika, amma kada ka kuskura ka kira shi haka ba ka sa Injiniya a gaba ba. Cika baki kuwa, ba a magana! Wai shi da kunne kaɗai yake gyaran inji. Wai a Fatakwal ya taɓa jin tarin wani jirgi daga nesa, ya aika a ce musu noti na bakwai ne ya kwance. Ko sifana mu dai ba mu taɓa gani a hannunsa ba.

Ran nan ya shiga jirgin Nomau, mai injin gas, ni ma ina ciki, za mu haye kasuwa. Cikin fasinjoji akwai Inna Tumba mai kifi, da kwanduna huɗu na ɗanyen kifi. In ba ta kai kasuwa kafin rana ta take ba, kifin ya lalace, jarinta ya tafi.

Ana cikin lodi, Arzika ya hango wani ragon ruwa mai ƙiba a bakin kwandonta. Yawu ya tsinke masa. Ya waiga nan, ya waiga can, wuf! Ya sure. To ina zai ɓoye? Sai gogan ya zare tazugen wandonsa, wani dogo ja mai tuntu kore, ya zura wa kifin a baki, ya ɗaure a bayan jirgi, ya sake shi cikin ruwa. Ya dawo ya zauna, hannun hagu dafe da ƙugu.

An kai tsakiyar kogi ke nan sai jirgi ya ɗauki rawa. Gir-gir-gir! Kaf-kaf-kaf! Haƙora na haɗuwa, kwanuka na tsalle, wani tsoho hularsa ta gangaro masa har hanci. Nomau ya rage wuta, ya cire giya.

Arzika ya miƙe. "Kowa ya yi shiru! Allah ya taimake ku ina ciki."

Ya kara kunne jikin inji, ya lumshe ido, ya daɗe yana gyaɗa kai.

"Noti ne ya kwance. Na mazaunin inji."

Nomau ya bi notunan da sifana ɗaya bayan ɗaya. "Injiniya, duk a ɗaure suke tamau."

"To nozul ne, gas ba ya sauka daidai. Kwance!"

Aka kwance, aka hura, aka mayar. Gir-gir-gir!

"Na faɗa muku ai! Fistin ne. Sauke kan injin gaba ɗaya."

Inna Tumba ta dubi rana, ta dubi kifinta, ƙudaje har sun fara kawo gaisuwa. Ranta ya ɓaci.

"Kai Nomau, ɗan nan, ni ban san fistin ba. Amma shekara talatin ina hawa ruwan nan. Ɗazu da ka cire giya, kwanon nan nawa ya zauna lafiya lau. Da ka saka, ya hau tsalle. In injin ne ba shi da lafiya, me ya sa yake lafiya in jirgi na tsaye?"

Arzika ya tuntsire da dariya. "Inna, ki tsaya a kifinki. Wannan ilimi ne."

Nomau dai ya gwada. Ya cire giya: inji na tafiya sumul. Ya saka: gir-gir-gir! Ya ce, "Wallahi Inna ta fi mu gaskiya. Matsalar tana ƙasa, wajen farfela."

Farfela? A bayan jirgi? Nan take Arzika ya sha gaban Nomau.

"A'a, a'a, kada ka shiga! Akwai kada a nan! Jiya na gan shi, ya kai tsawon jirgin nan!"

Ina! Nomau ya kashe inji, ya tuɓe riga, tsulum! Jim kaɗan ya ɓullo yana furzar da ruwa, ya ɗaga wani abu sama. Jan zare ne ya nannaɗe ƙarfen farfela, ga tuntu kore, ga kan ragon ruwa yana reto, farfela ta cinye sauran.

Inna Tumba ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu! Ragona! Shi ne na ƙirga na ga babu!"

Tsohon nan mai hula ya ƙura ido. "Wannan ai tazuge ne. To waye a jirgin nan ba shi da tazuge?"

Kowa ya shafa ƙugunsa. Sannan idanu suka koma kan mutum ɗaya, wanda tun tashinmu hannunsa bai bar ƙugu ba.

Gumi ya karyo wa Arzika. "Ni? Ni Injiniya guda? Jama'a, ku ji tsoron Allah!" Ya ɗaga hannu biyu sama zai rantse.

Zuruf! Wando ya sauka har idon sawu.

Jirgi ya sake ɗaukar rawa, amma wannan karon dariya ce. Nomau a cikin ruwa har ya sha ruwa cikin kofi guda. Ya hau, ya ta da inji, muka miƙe sumul, kifin Inna ya isa kasuwa da sauran sanyinsa.

Muna sauka, Arzika na tafe a duƙe, wando a dunƙule a hannu, Inna Tumba ta ɗaga murya yadda duk bakin ruwa zai ji:

"Injiniya, ashe gaskiyarka, noti ne ya kwance! Nomau, ara masa sifana ya ɗaure!"