Balan-balan Biyu Zuwa Giginyu

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin nan ba, ko da yake Allah ya sani na gwada. Idan mutum ya haura saba'in yakan manta inda ya ajiye tabarau, ya haɗa sunayen jikoki, amma abin da yake roƙon ya manta shi ne ke riga shi tashi da safe ya zauna masa a bakin gado.

Shekara talatin da 'yan kai na yi a waje ina aikin sito. Na fara a Abijan, bakin tashar jiragen ruwa, na koma Hartum, na daɗe a Jidda, na ƙare a Dubai, a wani sito da sai ka hau 'yar mota kafin ka ga ƙarshensa. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, ina kuma iya yi wa direba faɗa da Urdu. Da na dawo Kano sai na tarar ba mai bukatar ko ɗaya. Mai ɗakina ta riga mu gidan gaskiya, yara kowa na gidansa, ni kuma ina zaune a Hotoro ina gyara wa mai karanta labarai a rediyo sunayen ƙasashe, shi bai ma san ina yi ba.

Alhaji Sabo ne ya tausaya mini. Benci ɗaya muka zauna a firamare, ya girme ni da wata huɗu, saboda haka har muka yi furfura "yaro" yake ce mini. Shi ya je ya samu Hajiya Rabi, 'yar wani tsohon maigidansa, wadda ke da babban kanti a Nassarawa GRA, ya ce mata ga wani masani yana ruɓewa a gida. Ta ce in zo in riƙe sashen masu haɗa oda, wato kayan da mutane ke saye ta waya suna zaune a falo, a tattara a kai musu har ƙofa. Gwajin wata uku ta ba ni. In odar kantin ta riƙa isa gidajen mutane cikin minti arba'in da biyar, kujerar ta zama tawa. In ba haka ba, ba ta ƙarasa maganar ba, ni ma ban nemi ta ƙarasa ba. Na dai san falon Hotoro da rediyon nan suna jirana.

Mata huɗu na tarar a sashen, babbarsu Ladidi, mace mai kimanin shekara arba'in, mai tafiya kamar tana tsoron taka ƙwai. Ranar farko na tsaya ina kallonta har raina ya ɓaci. Oda za ta shigo, maimakon ta ɗauki kwando ta ruga, sai ta tsaya ta karanta sunan mai oda, ta karanta inda za a kai, ta yi shiru, wani lokaci har ta kira waya. "Hajiya, man gyaɗan da kuka saba ya ƙare, in sa ɗayan ko a bari?" Daga nan a shiga gaisuwa, ya yara, ya jikin Alhaji. A Dubai Bafilipine ɗaya zai haɗa oda uku kafin Ladidi ta gama tambayar jikin Alhaji.

Na kafa dokoki. Kowace kanta na ba ta lamba. Kowace oda na cire mata suna da adireshi, ta koma lamba, direba kaɗai ke ganin inda za shi. Wayoyi kuwa, daga buɗe kanti zuwa la'asar, duk a aljihun teburina, in kulle, tawa a sama don a ga adalci. Na rataya agogon 'yan tsere a wuya (na saye shi a Jidda, shekara goma sha ina neman wanda zan danna wa). Minti tara na ba kowane kwando.

Ladidi ta ce, "Baba, kaya kala-kala ne, gida ma kala-kala ne."

Na ce, "Malama, sito bai san gida ba. Sito lamba ya sani."

Ta ce, "To, Allah ya ba mu ikon koyo." Sauran matan suka sunkuyar da kai. Ni a lokacin ladabi na ɗauka.

Kuma don kada in zalunci kaina, aikin ya yi sauri. Ƙorafi ma ya yi sauri, amma na ce ai haka sabon tsari yake, a Jidda ma sai da aka yi kuka. Da kantin ya zo cika shekara biyar, ni na kawo shawarar a ɗaure kowace oda da jan ribon, a maƙala mata balan-balan biyu masu sunan kanti, mako guda cur, ba a ware ko ɗaya. Na gani a Dubai. Kusan duk abin da ya kashe ni a rayuwa da wannan jimlar ya fara.

Tun gwajin nawa bai yi nisa ba Sabo ya kira ni wata Juma'a. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Yaro, an dawo da ni gidan Kabiru a Giginyu, ƙafafun nan sun ƙi. Ka zo ka gan ni mana."

Kabiru babban ɗansa ne, ban taɓa zuwa sabon gidan nasa ba. Na ce, "Bari in gama saita musu kantin nan, in zo maka da albishir."

Ya yi dariya har da tari. "Kai dai da saiti. Tun muna aji uku kake saita bencin mutane."

Wata biyu ke nan kafin Alhamis ɗin. Daga kantin zuwa Giginyu ko a ƙafa ba za a kira shi tafiya ba.

Alhamis ita ce ranar ƙarshe ta gwajina, kuma tana cikin makon balan-balan. Hajiya ta ce da yamma za ta shigo ta duba lokutan da na rubuta. Tun daren Laraba na kashe waya don kada wani ya raba mini hankali, da safe ina isa kanti na jefa ta aljihun tebur na murɗa makulli. Na sa rigar kanti mai ruwan lemo a kan kaftanina, na ɗora hular kanti mai baki a gaba. Dattijo mai jikoki goma sha ɗaya.

Bayan azahar oda ta arba'in da ɗaya ta shigo: buhun shinkafa biyu, katan goma na ruwa, katan na sukari, ganyen shayi, man girki jarka ɗaya. Ladidi ta dubi takardar, ta daɗe tana dubawa, ta zo ta tsaya a gabana.

"Baba, wannan odar, a bar ni in ga inda za ta."

"Lamba arba'in da ɗaya za ta."

"Kayan ne, Baba. Ba lemo, ba kaza, ba madara. Irin wannan mukan sa a kwali fari, ba ado, a shiga da shi ta..."

Na ɗaga mata agogo. "Minti biyu kin ci a tsaye."

Ta dube ni, ta dubi agogon, ta juya. Da hannunta ta ɗaura ribon ɗin, a hankali, kamar mai ɗaure wa mara lafiya rauni. Sai daga baya na san abin da kowace mace a sashen ta gane da kallo ɗaya. Shinkafa da ruwa da sukari da yawa haka, babu kayan daɗi ko ɗaya, a Kano gudummawar gidan rasuwa ce. Shekara da shekaru Ladidi na ware irin wannan oda, ta cire duk wani abu mai sunan kanti, ta ce wa direba ya kai ta ƙofar mata, ya yi gaisuwa, ya fito ba surutu. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Ni kuma abin da ba a rubuta ba ban ɗauke shi aiki ba.

Don in tabbatar da lokacin da idona, na ce zan bi motar. Direbanmu Malam Iro, mutumin Jigawa, ba ya magana sai ta kama. Muka ratsa titunan GRA ƙarƙashin manyan bishiyoyin nan, ina kallon agogo ina jin daɗi, muka shiga Giginyu. A bakin wani layi motoci sun cika ko'ina, dole ya tsaya daga nesa. Na hango kan rumfa ta bayan wata katanga. Na ce a raina, biki, ga jama'a, ga talla kyauta.

Malam Iro ya ce, "Alhaji, dakata in leƙa tukuna."

Na ce, "Biyo ni da buhu." Na rungumi katan ɗin sukari mai jan ribon, balan-balan biyu na rawa a saman hulata, na yi gaba da saurin da gwiwoyina suka manta da shi. Ina shan kwana na buɗe murya yadda muke yi a sito:

"Oda lamba arba'in da ɗaya! Wa zai sa hannu?"

Mutane sun fi ɗari a kan tabarmi da darduma. Duk hannuwansu a sama, liman na tsakiyar addu'a. Babu kiɗa, babu ƙamshin girki, babu yaro mai sabon ɗinki. Liman bai tsaya ba, amma kawuna suka juyo ɗaya bayan ɗaya, sahu bayan sahu. Na ga fuskokin da na sani: 'yan ajinmu da suka rage, surukai, tsofaffin maƙwabta. A tsakiya na ga Kabiru, idanunsa jajur.

Da a ce na faɗi a wurin, da an ce tsufa ne, an tausaya. Ban faɗi ba. Na tsaya ƙiƙam da katan a ƙirji har aka shafa fatiha. Iska ta kaɗa balan-balan ɗaya ya taɓa wayar tsaron da ke kan katanga, ya fashe. Wani tsoho ya zabura ya ce, "A'uzu billahi." Wani matashi a baya ya cusa fuska cikin hula, kafaɗunsa na girgiza, ban kuma ga laifinsa ba.

Malam Ɗanjuma, ɗan ajinmu, shi ya taso da sandarsa. Bai ɗaga murya ba.

"Na-Jidda, ajiye kayan nan."

Na ajiye.

"Tun asuba muke kiranka. Ni na kira, Kabiru ya kira, har gida aka aika, aka ce ka fita aiki. Ƙarfe goma sha ɗaya muka kai shi." Ya dubi rigar, ya dubi hular, ya dubi balan-balan ɗin da ya rage. "Ashe shiri kake yi."

Na san yadda ake ta'aziyya da Larabcin Hijaz da na Sudan. Na san ta Faransanci, na taɓa yi wa wani Bafaranshe a Abijan har ya rungume ni. A gaban Kabiru na durƙusa, na buɗe baki, ko "ya haƙuri" ta ƙi fitowa. Shi ne ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, ya haƙurinmu? Jiya da yamma ma sai da ya ce, yaron nan bai gama saitin ba?" Ba da gatse ya faɗa ba. Da gatse ne da na fi samun sauƙi.

Na cire hular, na rasa inda zan sa ta, na zauna a kanta. Ina ji Malam Iro ya zagaya da sauran kayan ta ƙofar mata. Da wuƙar aljihunsa ya yanke ribon ɗin tun a mota, ba wanda ya ce masa ya yi.

Sai bayan la'asar na koma kanti. Labari ya riga ni, don matar da ta yi odar surukar gidan ce, kuma tsohuwar mai sayayya a wurin Hajiya. Hajiya Rabi ba ta yi faɗa ba, idonta ma ya kumbura, ita ma sai da rana ta ji rasuwar. Ta ce, "Baba, ka yi mana ƙoƙari. Ina ganin ka huta haka nan." A harsuna huɗu an taɓa sallamata daga aiki, ba a taɓa yi mini da taushin da ya kai wannan ciwo ba.

Na buɗe aljihun tebur, kowa ta ɗauki wayarta. Ladidi ta miƙo mini tawa da hannu biyu. Na ce, "Malama, kin so ki gaya mini."

Ta ce, "Ni ma ban san gidan waye ba, Baba. Na dai san gidan kuka ne. Allah ya jiƙansa, ya ba ka haƙuri." Ta ɗauki kwando ta koma bakin aiki da tafiyar nan tata. Na ji tana ce wa ɗaya daga cikin matan ta kira Hajiyar gida mai lamba kaza, a tambaye ta wane man gyaɗa take so.

Yanzu ina Hotoro, ni da rediyo, na ma daina gyara masa. An ce Ladidi ce ke riƙe da sashen, an bar lambobin kanta don sun yi amfani, an mayar wa oda sunayenta. Agogon yana cikin akwati. Ashe lokacin da na sha kwanar nan yatsana ya danna shi da kansa, sabo ya yi aikinsa, sai da na zo cire riga na gani: minti talatin da takwas, daga shigowar oda zuwa ƙofar gida. Duk wata ukun ba mu taɓa yin sauri kamar haka ba.

Abin da na koya, in har tsoho na koyo, bai da yawa. Idan mai aiki a ƙarƙashinka ta tsaya ta yi shiru a kan takarda, ka ajiye agogo ka tambaye ta me ta gani. Idan kuma aboki ya ce ka zo ka gan shi, ka tafi da ƙafarka tun yana iya ce maka yaro. Na kai sukari gidan da Sabo yake cikin minti talatin da takwas, ni da na kasa kai kaina cikin wata biyu.