Sifirin Injiniya Ukasha

Allah ya yi wa Garin Tsoho baiwa iri-iri, amma babu wadda ta kama ƙafar Injiniya Ukasha. Daga Dungas har Bande, ka bi ƙauye-ƙauye ka duba, ba za ka sami mutum na biyu da ke zuwa ɗaurin aure da hular kwano ba. Ya yi shekaru a gabas inda ake haƙar man fetur, wajen wani kamfani da bai taɓa faɗin sunansa iri ɗaya sau biyu ba. Masu hassada na cewa aikinsa a can shi ne riƙe wa injiniyoyi jaka. Sharri ne kawai. Ai da jakar ya dawo mana, kuma cikinta akwai ordinatar, wadda 'yan uwanmu na hayin iyaka ke ce wa kwamfuta.

Cikin ordinatar ɗin akwai manhajar da ake tsara rijiyar mai da ita, irin rijiyar da in ka jefa dutse sai ka je ka ci tuwo ka dawo kafin ka ji faɗuwarsa. Mu kuwa buƙatarmu 'yar ƙarama ce. Ƙungiyar matan lambu, ƙarƙashin Iya Yakura, ta yafa irin albasa, ya fito kore shar, tabkin da suke ɗibar masa ruwa kuma kullum ƙara janyewa yake. In ba a sami rijiya ba kafin tabki ya koma laka, to albasar bana ta tafi, tare da miyar gidaje da yawa. Rijiyoyin maƙwabta duk a metir goma sha biyu suka tarar da ruwa. Rabilu mai haƙa da mutanensa har sun zana da'ira a ƙasa, sai ga Injiniya ya iso, ana biye da shi da kujerar roba.

"Bon. A dakata!" in ji shi. "Daga ina kuke ƙirga zurfin?"

Rabilu ya nuna ƙasa da yatsa. Injiniya ya yi dariya har hular kwano ta zame masa kan hanci.

"Ƙasa! Abin da akuya ke takawa! Jama'a, a kimiyyar mai ba a saran ko'ina sai an kafa sifiri, wato wurin da ake fara ƙirge. Can gabas daga teburin injin haƙa muke farawa, sama, inda manya ke tsayawa. Nan babu inji. Donk daga yau sifirin Garin Tsoho shi ne ƙafar kujerata. Duk igiyar awon da ba tawa ba, na haramta ta a wurin nan."

Muka tafa, wallahi har da guɗa. Garin da bai da lantarki yau ga shi da sifirinsa na kansa!

Manhajar tambaya biyu ta yi masa. Ta farko, daga ina za a fara ƙirge? Ya rubuta mata ƙafar kujera. Ta biyu, tsakanin wurin nan da doron ƙasa metir nawa ne? A lokacin kujerar a ƙasa take, bakin rami, don haka ya ce mata babu komai. Ba ta sake tambayarsa ba, shi ma bai sake komawa wannan shafi ba, don mutum irinsa ba ya amsa tambaya ɗaya sau biyu.

Aiki ya kankama. Kullum da yamma Mai Sifiri, don sunan da ya bi shi ke nan, yakan ɗaura igiyarsa a ƙafar kujera, ya zura ta rami, ya shigar da lamba, ya karanta mana da Faransanci sannan ya sauko da ita Hausa saboda tausayi.

Matsalar ta faro ne ranar da mai gari ya zo ganin aiki, aka ajiye masa kujera irin ta Injiniya sak, kansu ya yi daidai. Washegari aka wayi gari kujerar Injiniya na bisa dandamali, an gina shi da tubalin simintin da aka tanada don bakin rijiya. Da wakilin furoje, wato shirin tallafin da ya ba da simintin, ya zo cikin mota kat-kat, ya yi magana ta taga bai fito ba, Injiniya ya lura sai da ya ɗaga kai kafin ya amsa masa. Aka ƙara wa dandamali layi uku na tubali. Sannan aka zo batun hoto: ramin ba ya fitowa da kyau a waya sai daga sama. Aka ƙara wasu. A ƙarshe sai da tsani ake zuwa gaishe shi.

Ikon Allah, rijiya sai ta shiga zurfi da gudu! Ranar kasuwar Dungas masu haƙa ba wanda ya zo, ko cebur ɗaya ba a ɗaga ba, magina kawai suka yini kan dandamali. Da yamma Injiniya ya zura igiya, ya duba ordinatar, ya miƙe tsaye.

"Rabin metir, ba tare da haƙa ba! Wannan shi muke kira ladabin ƙasa. In ƙasa ta san wanda ke bisa kanta, da kanta take buɗewa."

Rabilu bai yi gardama ba. Wa ya taɓa yin faɗa don an ce ya yi aikin da bai yi ba? Mu ma muka baza labarin har Magariya, muna ƙara masa gishiri. Iya Yakura kaɗai ce ba ta da lokacin murna. Ita da matanta suna can suna tace ruwan laka da tsumma, gefen fangalin irin albasa ya fara yin ja.

Rannan ordinatar ta nuna goma sha biyu cif. Injiniya ya tsayar da haƙa, ya sa aka yanka sabuwar igiya daidai wannan tsawo, aka ɗaura mata sabon guga. Aka kira makaɗa. Rabilu ya ɗan yi gyaran murya ya ce ƙasan ramin fa a bushe yake.

"Idonka ne a bushe," in ji Injiniya daga sama. "Na'ura ta ce ruwa."

Ya zura guga daga kan dandamali, kiɗa na tashi. Ya jawo shi da nauyi, ya ɗaga sama don kowa ya gani, ya tuntsurar. Yashi ya zubo wa mai gari a rawani.

Kiɗa ya tsaya cak. Amma a irin wannan lokaci ake gane gwani. Ya danna nan, ya danna can, ya ɗago da fuskar wanda ya gano bakin zaren.

"Donk ruwan ne ya yi latti. Sai mu bi shi da metir biyu. Na lura duk lokacin da aka yi gini a nan, aiki na sauri. A kawo tubali!"

Ni dai raina ya ɓaci ranar, don na ga Iya Yakura ta juya tana share ido da bakin mayafi. Rabin irin ya riga ya ƙone. Ta kama hannun Rabilu ta kai shi bakin rami, ta ce, "Ɗana, shiga ka yi ta haƙa har ƙafarka ta jiƙe." Matan suka jeru suna karɓar yashi.

Injiniya ya ayyana wannan haƙa a matsayin haramtacciya. Kullum yakan hau tsani, ya juya wa rami baya, ya zauna yana yajin aiki, rana na gasa hular kwano. Har ranar da aka ji Rabilu ya ƙwala kabbara daga ƙasa, laka ta fara fitowa, bayanta ruwa.

Nan take yajin aiki ya ƙare. Mai Sifiri ya juyo da kujera, ya sanar cewa lissafinsa ya tabbata, kuma bisa ƙa'idar aikin mai, injiniya ne ke fara kurɓa. Ƙishi ma ya gama da shi. Ya zura gugansa na biki, igiya ta ƙare a hannunsa, guga na lilo a iska, ruwa na ƙyalli can ƙasa da shi. Ya jawo wayam. Ya sake, har da kwanciya rub da ciki yana miƙa hannu. Wayam.

A ƙasa mata sun ɗaura tsohuwar igiyarsu a bakin rijiya, bokiti na bin bokiti zuwa sauran irin da bai mutu ba. Injiniya ya daɗe yana kallonsu yana haɗiyar miyau. Can ya rufe ordinatar, ya sauko tsani a hankali, ya matso ya miƙa kofi.

"Madam shugaba, a sammini na gwaji."

Iya Yakura ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta miƙa bokitin ga ta bayanta.

"Ka bi layi, ɗana. Albasa ta riga ka jin ƙishi."