Dokar Komawa Gungu

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin nan ba, ko da na so in manta mutanen gidanmu ba za su bari ba. Tun farko in sauƙaƙa muku: wawan labarin nan ni ne, ni ɗin nan mai furfura har a gira.

Jikata Balkisu ce ta kawo mana wani wasa gida. Ita da abokan karatunta suka ƙirƙire shi, suka buga 'yan takardunsa a wani shago a Yelwa. Ba dara ba ne, ba karta ba. Taswirar kogin Kwara ake shimfiɗawa a tabarma, kowa ya zaɓi wanda zai zama, wani masunci, wani falke, wata mai magani. Balkisu ce mai jan labari. Ta ce ga ku a wuri kaza, ga abin da ya taso, me za ku yi? In ka ce za ka haye ruwa, sai ka jefa ɗan ludo. Babbar lamba ka haye, ƙarama ka sha ruwa.

Da na fara ganinsu, cewa na yi caca ce ta shiga makaranta ta fito da digiri. (Ni a aji huɗu na yi sallama da boko, saboda haka duk abin da ban gane ba ina da ikon yi masa fatawa.)

To bana sai suka ce za su yi sabon bugu, kowa ya faɗi abin da yake so a gyara. A gindin mangwaron gidana suka taru. Yohana, wani dogon saurayi ɗan Shanga, yana so a ba mutum damar horar da dorina ya hau ta kamar jaki. Maryama ta ce dokokin sun yi yawa, kafin ka tsoma filafili a ruwa ka karanta shafi biyu. Ni kuwa ina kan kujerata da rediyo a kunne, wai labarai nake saurare. Rediyon ko batir babu.

Idona ne ya faɗa kan taswirar. Daidai wurin da gungunmu yake, tsibirin da aka haife ni, shuɗin fenti kawai suka shafa. Kuma ba su yi ƙarya ba. Tun da aka datse ruwa a Kainji, ina ɗan saurayi, aka kwashe mu zuwa tudu, tafki ya hau kan ɗakunanmu ya zauna. Har yau in na shiga jirgi muka bi ta wurin, nakan leƙa ƙasa kamar zan hango wani abu.

Na ce, "Ke amarya, wa ya zana muku wannan shirme?"

Balkisu ta ce, "Angona, ba kai kac ce caca ta ba? Mi ya kawo ka?"

"Gyara na zo yi. Ba a barin kuskure a takarda."

Na sauko tabarma, na tattare babbar riga. Na ce sabon bugun nan a mayar da shi zamanin da ba a yi tafki ba. Na nuna musu inda ake ɗaure jirage, da tsamiyar da ke bakin gaɓa, da fadamar albasa, da wurin bandar kifi, da ɗakin Innata, na uku in ka hauro. Maryama tana zanawa ina gyara mata hannu. Ƙanwata Ige, wadda ta zo mana kwana biyu daga Wara, tana gefe tana tsince shinkafa. Na ga Balkisu ta je sun yi ƙus-ƙus, ban kawo komai a raina ba.

Aka ce a gwada. Ni ne yaro a cikin ƙaramin jirgi, zan koma gida. Na jefa ɗan ludo, ya ba ni ɗaya. Balkisu ta ce igiyar ruwa ta juya ni. Na sake, biyu. Ta ce filafilina ya faɗa ruwa. Ga gungu Maryama ta zana shi a gabana, tazarar ɗan yatsa, amma wani ɗan guntun roba ya hana ni isa.

Raina ya ɓaci da gaske, sai dai na yi muryar alƙali. Na ce, "A rubuta doka. Mai komawa gidan ubansa ba ya jefa ɗan ludo."

Yohana ya ce, "Baba, in babu faɗuwa ai wasa ya mutu."

"Kai da za ka hau dorina ne za ka koya mini abin da zai yiwu?"

Suka yi dariya, suka ce a gwada dokar tawa sau ɗaya a gani.

Balkisu ta sassauta murya. Ta ce jirginka ya taɓa yashi. Rana ta yi sanyi. Hayaƙin banda ya kwanta a kan ruwa, awaki suna dawowa, wata tana daka a bayan tsamiya. Ka hauro, ka wuce ɗaki na ɗaya, ka wuce na biyu. A ƙofar na uku akwai mace tsaye, hannunta duk ɓawon kifi.

Sai Balkisu ta yi muryar matar ta ce, "Kurungu, ina kat tsaya?"

Dole in yi bayani a nan. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. Kurungu take ce mini, saboda tumbina ina yaro irin na kifin nan kurungu ne. Tun da aka rufe ta ban sake jin sunan a bakin kowa ba. 'Ya'yana ma ba su san shi ba.

Ban san lokacin da na cire hula ba. Na dai ji gwiwoyina a ƙasa, ɗaya a kan taswirar, kaina a sunkuye, bakina yana cewa, "Na'am, Inna. Ruwa ne ya tare ni."

Kuma da hawaye. Ba irin wanda ake cewa ƙwaro ne ya faɗa ido ba, har gemu.

Da na ɗago, sai ga surukina, uban Balkisu, tsaye a bakin zaure da sallamarsa rabi a baki. Mutumin da shekara da shekaru yake cire takalmi tun daga waje in zai gaishe ni, ya tarar da ni durƙushe gaban 'yarsa ina ba ta haƙuri. Bawan Allah ya juya ya ƙura wa akuyarmu ido kamar saye zai yi. Balkisu kuwa ta rufe baki da mayafi, idonta ita ma ya kawo ruwa. (Tashin ma sai da Yohana ya kama ni. Gwiwa ta san hanyar sauka, ta manta ta hawa.)

Abin da na koya shi ne, tsoho kada ya kafa dokar da za ta kai shi inda ba zai iya riƙe fuskarsa ba. Ashe ɗan ludon nan rufin asiri yake yi mini. Amma da suka tambaya ko a soke dokar, na ce a bar ta. Akwai sauran 'yan gungu da ba su mutu ba.

Na mayar da hula, na gyara murya, na ce, "Kun gani ko? Gwada muku na yi, don ku san yadda yaran zamaninmu suke amsa kiran iyaye. Kira ɗaya, mun durƙusa."

Ige ko ɗago kai ba ta yi daga farantin shinkafarta ba. Ta ce, "Yaya, ji tsoron Allah. Tana da rai ba ka taɓa amsawa ba sai ta ɗauko muciya."